Hanyar Makara

Malam Tahiru baduku ya shekara arba'in da ɗoriya yana zaman haya a Damagaram. Bana yana Zango, baɗi Garin Malam, duk ranar da mai gida ya ce ɗansa zai yi aure sai a naɗe tabarma a nemo amalanke. A tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya roƙi Allah mota ko garke ba. Roƙonsa ɗaya ne, ƴaƴansa sun haddace shi tun suna ƙanana: ya mutu a gidan kansa, a fitar da shi ta ƙofar gidan a kwance, mutum huɗu na riƙe da makara.

Abin yana da tushe. Yana saurayi wani baƙon mahauci ya rasu a gidan hayar da suke, a wani ɗaki can ƙarshen lungu. Da aka gama masa sutura aka yi juyin duniya gawar ta ƙi shan kwana, sai aka ɗaure ta cikin tabarma aka miƙa ta katanga kamar damin kara. Tahiru na cikin waɗanda suka tara hannu ta waje, kuma a hannunsa kan mamacin ya bugi bango. Ƙarar nan ba ta bar kunnensa ba har ya yi furfura.

Lubabatu ce babbar ƴarsa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ungozoma ce a gidan haihuwa, wanda mutanen gari ke kira matarnite, mijinta ya rasu tuntuni, ta dawo ta riƙe uban bayan rasuwar innarsu. Shekara goma sha ɗaya tana ƙulle abin da ta samu a bakin zane, ba ta shiga ankon biki, ba ta canza waya, har abokan aiki na yi mata tsiya wai ko bene take ginawa a ɓoye. Ita dai ta san abin da take wa tari.

Gidan da ya faɗo hannunta kuwa ba na baƙo ba ne. Na Baba Kyari ne, wani dattijo Babarbare mai fataucin kanwa da dabino, aminin Malam Tahiru tun suna samari. Gidansa a unguwar Birni yake, tsohon gini mai faɗi, ƴaƴa sun watse, rabinsa ya zama na ƙadangaru. Ya ce zai sayar da sashen baya: ɗaki uku, madafa, da tsakar gida mai dogon yaro a tsakiya. Shi zai zauna a sashen gaba inda zaure yake, bakin titi.

Kwana biyu kafin ciniki, Balki, wata abokiyar aikinta da ta taɓa ƙonewa a sayen fili can hanyar Gaffati, ta ja ta gefe ta yagi takardar magani ta jera mata abu shida a bayanta. Ta ce, "Duk wanda ba ki gani a rubuce ba, ki ɗauka babu shi. Ko da wa kike ciniki."

Bayan la'asar aka zauna a zauren. Ga mai unguwa, ga liman, ga Malam Gambo maƙwabci a matsayin shaida, ga Suma'ila, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke yi wa mai unguwa rubutu, wanda ake kira Mushe kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, da tabaronsa a ƙarshen hanci. Lubabatu ta shimfiɗa ƴar tabarma daga bakin ƙofar ciki, takardar Balki a dunƙule cikin tafinta.

"Mushe, a sa iyaka ta kowace kusurwa," ta ce a hankali. Aka sa.

"A sa cewa ƴaƴan Baba sun sani, sun yarda." Aka kira Yunusa, babban ɗan Baba Kyari da ke zaune a Difa, ya amsa ta waya a gaban kowa, aka sa.

"Dogon yaron da ke tsakar gida fa?"

Baba Kyari ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. "Tahiru, wannan ƴa taka ungozoma ce ko aboka, lauyan kotu? Har itace? To Mushe, rubuta mata shi da tsuntsayen da ke kwana a kai."

Kowa ya yi dariya ban da Malam Tahiru. Lubabatu ta ga ya fara murza gemu, alamar da ta sani tun tana yarinya. Duk da haka ta daure ta ce a sa ta inda ruwan sama zai riƙa fita, ta ce a sa ranar da za a ba su makulli. Biyar ke nan. Da ta zo na shida sai ta tsaya tana kallon ubanta. Suma'ila ne ya ɗago kai ya taimake ta.

"Saura hanya, Madam. Sashen nan ba shi da ƙofa ta titi sai ta wannan zaure. In sa?"

Dariyar Baba Kyari ta ɗauke. Ba fushi ya yi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Kallon abokinsa ya yi irin na wanda aka mara a gaban jama'a. Ya ce, "Tahiru, ni zan hana ka wucewa ta zaurena? Ni da muka shekara hamsin muna sa hannu a akushi ɗaya?"

"Uwata, ya isa," in ji Malam Tahiru.

"Baba, ai ba don Baba Kyari ba ne, don..."

"Na ce ya isa. Ki bar wa tsofaffi mutuncinsu. Mushe, rufe alƙalaminka."

Suma'ila ya tsaya da alƙalami a sama, ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi rufin zaure. Sai Baba Kyari ya laluba aljihu ya zaro wani baƙin makulli mai dogon wuya, ya kama hannun abokinsa ya danƙa masa. "Na ƙofar zauren nan ne. Biyu ne, ɗaya nawa, ɗaya naka. Ga takardarka nan, Tahiru, ta fi ta nasara ƙarfi."

Liman ya ce madalla, aka ɗaga hannu aka shafa Fatiha, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Mutanenmu ke nan. Mutum zai auna yadin riga sau uku kafin ya biya, amma in an zo kan abin da zai ci rayuwarsa sai kunya ta ɗaure masa baki, wai kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba. Lubabatu ta san an bar rami a buɗe, ta kuma san in ta ƙara kalma ɗaya za a ce ƴar Tahiru ta yi boko ta raina iyaye. Ta murƙushe takardar Balki ta cusa a jaka, ranta a jagule, ga murna ga fargaba.

A daren farko da suka tare Malam Tahiru ya yanko jar fata mai laushi ya kitsa wa makullin igiya, ya rataya a wuya kamar laya. Kuma gaskiya shekara biyu babu abin da ya faru sai alheri. Kullum da safe tsofaffin biyu na zaure, ɗaya na ɗinkin jaka da kube, ɗaya na tsince dabino yana ba da labarin hanyar Bilma wanda ya bayar sau ɗari. In Lubabatu ta zo wucewa da farar rigar aikinta sai Baba Kyari ya yi mata gaisuwar Barebari ya ce, "Wushe, aboka! Kin zo da takardar izinin wucewa?" Ita ma har ta fara dariyar abin, ta fara ganin kamar ita ce ta cika zargi.

A shekara ta uku hawan jini ya kayar da Malam Tahiru, ɓarin damansa ya shanye, maganarsa ta koma ja, sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Wani mai walda ya haɗa masa keken ƙarfe mai faɗi. Khalid, ƙanen Lubabatu, wanda ke kabu-kabu yana zaune da iyalinsa a Garin Malam, shi ke biyowa da safe ya turo shi zaure kafin ya kama aiki. Nan tsohon ke wuni yana kallon titi, yana amsa gaisuwa da hannun hagu. Ana ta tattalin mai jinya, sai mai lafiya ya riga shi: wata Juma'a Baba Kyari ya dawo masallaci, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo ya cika.

Bayan arba'in magada suka zauna. Babu mai niyyar dawowa Birni a cikinsu, suka sa sashen gaba a kasuwa, wani Alhaji Sallau mai sayar da siminti da ƙarfen gini ya saya. Lubabatu ta tari Yunusa ranar da zai koma Difa.

"Yaya Yunusa, maganar hanyarmu fa?"

"Na faɗa wa Alhaji da bakina, ya ce ba matsala."

"An rubuta?"

"Haba Luba. Mutumin da ya tsaya sahun gaba a jana'izar Baba, shi zan ce ya rubuta min? Ke ma kin cika tsoro."

Ta bi motarsa da kallo, ta ji kamar an mayar da ita kan ƴar tabarmar nan ta bakin ƙofa.

Ba a yi wata biyu ba magina suka sauka da diga da shebur. Cikin kwana uku zauren da ya girmi duk wanda ke unguwar ya zama tarin ƙasa, ƙofar katakon da makullin ke buɗewa aka ɗora ta a amalanke aka tafi da ita. Lubabatu ta sami Alhaji Sallau tsaye yana nuna wa magina layi, ta gaishe shi, ta faɗi abin da ke tafe da ita. Mutumin ba azzalumi ba ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ya saurare ta har ƙarshe, ya buɗe takardarsa ya nuna mata: daga bango zuwa bango nasa ne, babu inda aka ambaci hanyar kowa.

"Amma ni ba zan toshe maƙwabci ba, Madam. Magaza zan yi a nan, ta ajiye kaya. Na gaya wa maso, babban magini, ya bar muku lungu ta jikin bangon arewa, ku riƙa wucewa."

Ya cika alkawari, ya bar lungu. Sai dai duk wanda ya san Birni ya san duwatsunta, ba su taɓa matsa wa kowa ba, gini ne ke kauce musu. A jikin bangon arewan akwai wani ƙaton dutse da kakan Baba Kyari ya yi gini ya kewaye. Lungun ya tafi miƙe taku goma, ya ci karo da dutsen, ya karye zuwa hagu, ya sake karyewa zuwa dama kafin ya faɗa titi. A bakinsa mutum na wucewa a sake. A wajen dutsen kuwa sai ya juya kafaɗa. Lubabatu ba ta gane girman abin ba sai da bango ya kai tsayin mutum aka zuba rufin siminti a kai, domin duk lokacin ginin ta kan tarin ƙasa da yashi ake tsallakawa. Ranar da aka share wurin, Khalid ya turo keken uban, keken ya je wajen dutse ya cije.

Sau ɗaya Khalid ya goya tsohon ya fitar da shi. Gwiwar ƙafar da ta shanye ta gogi dutse ta yi jini, zanensa ya kwance a gaban ƴan kasuwa, wani ya yi sannu da ƙarfi. Da aka mayar da shi ciki ya ce ba zai ƙara ba. Daga ranar ya koma zaman gindin dogon yaro, yana jin ƙarar titi ta bayan bango, ba ya ganin kowa sai wanda ya ratso lungu ya zo gaishe shi, su ma kullum raguwa suke.

Lubabatu ta kai magana wajen mai unguwa. Aka zauna, aka kira Malam Gambo ya ba da shaidar abin da kunnensa ya ji. Suma'ila ya cire tabarau ya ce, "Ni na tambaya, aka ce in rufe alƙalami. Wallahi hannuna bai so ba." Alhaji Sallau ya ce bai ƙaryata kowa ba, amma marigayi a kan zaurensa ya yi alkawari, shi kuwa ba a sayar masa da alkawari ba, fili aka sayar masa. Duk da haka ya ce zai sa a fasa dutsen da kuɗinsa. Kwana uku ana ƙona tayoyi a kai ana dukansa da guduma, ɗan ɓallin da ya fita bai kai faifai ba, bangon maƙwabcin arewa kuwa ya tsage daga sama har ƙasa, domin dutsen ta ƙarƙashin ɗakinsa ya bi. Maƙwabcin ya fito da ihu, aka tsaya. Abin da ya rage shi ne a rushe bangon magaza, shi ko yana ɗauke da rufi, Alhaji ya ce wannan kam sai in hukuma ce ta ce.

Ta je wajen lauya. Ya karanta takardarta sau biyu, ya yaba yadda aka tsara ta, har ya yi murmushi da ya zo kan dogon yaro. Ya ce doka ba ta yarda a rufe gida ruf ba, amma ita ba a rufe ta ruf ba, an bar mata lungu. Faɗin da ya kamata lungun ya yi shi ne abin shari'a, sai an turo mai awo, sai an saurari kowa. Ya buɗe littafinsa ya ce zai yi wuya a zauna kafin wata huɗu. "Layi ɗaya ne, Madam," ya ce yana miƙo mata takardar. "Da an sa faɗin hanya da inda ta bi, ko sau goma aka sayar da gaban gidan, tana nan." Ta san haka, ba sai an gaya mata ba. Da na sani ƙeya ce.

Ba ta taɓa ce wa uban komai ba a kan ranar ciniki. Sau da yawa maganar na zuwa mata har maƙogwaro, musamman in ta dawo aiki a gajiye ta goge kafaɗa a jikin dutse, amma in ta shigo ta gan shi a keke yana shafa makullin wuyansa da yatsun hagu sai ta haɗiye. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa, kanta kuwa ta fi jin haushi a kan kowa.

Da damina ta tsaya jikinsa ya ƙara lalacewa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, abinci sai cokali biyu. Ita ma'aikaciyar lafiya ce, ba ta bukatar likita ya fassara mata abin da take gani. Wata safiya tana shafa masa mai ya ce, "Uwata, auna min lungun nan. Wajen dutse."

Ta je ta auna da hannunta, kamu ɗaya cif, ko yatsa bai ƙaru ba. Ta dawo ta ce, "Kamu biyu ne, Baba, har da ɗan ƙari."

Ya dube ta. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna fata da ido, shi za ta yi wa wannan? Ya mayar da kai gefe.

Bayan kwana biyu ta taso aiki da azahar, ta shigo lungu sai ta tarar an toshe shi. Khalid ne a wajen dutse, gumi ya jiƙa masa riga, yana kokawa da wata azara da aka naɗe cikin tabarma aka ɗaure da igiya wuri uku. Ya tura ta gaba ta tokari bangon magaza, ya ja ta baya ta tokari dutse, ya karkata ta ta cije. Sai da ya miƙar da ita tsaye cak, kamar mai kafa turke, sannan ta sha kwanar.

"Khalid, wannan wane irin aiki ne?"

Ya ƙi haɗa ido da ita. "Baba ne ya ce in yanko ta daidai tsawonsa. Ya ce in gwada, Yaya. Ya ce kar in faɗa miki."

Ta dafa dutsen. Duk watannin nan tana zaton keke ne damuwar uban, zaman titi da gaisuwar mutane. Ashe shi ya daɗe da wuce nan.

Ta same shi gindin itace. Ya ga fuskarta, ya ga Khalid a bayanta da azarar, ya gane amsar ba tare da an faɗa ba. Ya daɗe yana tattaro kalmomi, domin yanzu kowace sai ya yi mata naƙuda.

"Ku fitar da ni," ya ce. "Tun ina lanƙwasuwa."

"Baba, gidanka ne. Don kai na saye shi."

"Na sani."

"Shari'a saura wata ɗaya da kwanaki. Ka yi haƙuri, za a buɗe hanya. In ma ta kama, wallahi da hannuna zan fasa bangon Alhaji."

"Ba ni da wata ɗaya, Uwata. Ke ma kin sani." Ya huta. "Biyu na roƙa. Gidana, da ƙofa. In ɗaya za a ba ni, a ba ni ƙofa. Kar a tsayar da ni kamar turke. Kar a miƙa ni ta katanga."

Nan ta durƙusa ta kifa kai a kan gwiwarsa ta yi kukan da ta shekara tana dannewa. Ya ɗora mata hannun hagu a ka. Can ya ce, "Ke kika yi daidai ran nan. Ni na rufe miki baki." Ta ƙara ƙanƙame gwiwarsa.

Malam Gambo na da wani shago a jikin zaurensa, ƙofarsa na kallon titi, da can ɗansa ke kwana a ciki. Da Lubabatu ta je masa da maganar bai bari ta ƙarasa ba, ya sa aka share aka yayyafa ruwa aka shimfiɗa katifa. Washegari da hantsi Khalid ya durƙusa ya goyi ubansa, Lubabatu ta ɗaure masa zane tamau ta naɗe gwiwoyinsa da tsumma. Kafin su shiga lungu tsohon ya ce a tsaya. Ya juya kai ya kalli ɗakinsa, ya kalli dogon yaro, ya kalli keken ƙarfen da za a bari a gindinsa, sannan ya ce a tafi. A wajen dutse Khalid ya juya kafaɗa ya ja numfashi ya ratsa a hankali, ita tana baya ta tare kan uban da tafin hannunta kada ya bugi bango.

Da aka kwantar da shi ta ja Malam Gambo gefe ta tambayi abin da za a riƙa ba shi na ɗakin. Ya ɓata rai. "Subhanallahi, Luba. Malam Tahiru ne fa. Ya zauna har ranar da Allah ya yi, ɗaki nasa ne, ƙofa tasa ce. Tsakaninmu ai babu takarda."

Daga kan katifa murya ta taso, a karkace amma kowa ya ji.

"A rubuta."

Malam Gambo ya yi turus. "Malam, ni ne fa, Gambo."

"Na san kai ne. Kyari ma shi ne." Ya nemi numfashi. "Ba kai nake tsoro ba. Ba ka san wanda zai riga wani ba. A kira Mushe."

Aka kira Suma'ila. Ya zauna bakin ƙofa ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta cewa Malam Tahiru zai zauna a shagon nan muddin ransa, kuma ƙofar da ke kallon titi ba za a toshe ta ba, ba za a rage ta ba, ko gidan ya canza hannu, har sai an fitar da shi ta cikinta. Ya tashi ya auna faɗinta ya sa. Ya karanta da Faransanci, ya maimaita da Hausa, babu wanda ya yi dariya. Malam Gambo ya sa hannu, Malam Tahiru ya dangwala babban yatsan hagu.

Kwana goma sha tara ya yi a shagon. Ana buɗe masa ƙofa tun safe, yana kallon ƙafafun masu wucewa, tsofaffin abokan sana'a na tsayawa su gaishe shi. Ranar Talata bayan azahar ya cika, Lubabatu na riƙe da hannunsa. Aka kawo makara daga masallaci, ta shiga ƙofar ba ta taɓa ko gefe ba. Lubabatu na cikin gidan Malam Gambo tare da mata, ta leƙa ta tsagin labule ta ga an fito da shi a kwance, mutum huɗu na riƙe, Khalid a gaba, Alhaji Sallau a ƙafa ɗaya ta baya. Ƙofar dai ta wani ce.

Bayan an dawo daga maƙabarta liman ya aiko mata da abin da aka cire daga wuyan mahaifinta wajen wanka. Baƙin makullin ne da igiyarsa ta jar fata, wadda gumi ya mayar baƙa. Ta juya shi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi, domin ƙofar da yake buɗewa ta daɗe da tafiya a amalanke. Ta rataya a wuyanta, ta sa mayafi, ta tsallaka titi zuwa gida don ɗauko tabarmin zaman makoki. Da ta zo wajen dutse ta juya kafaɗa ta wuce.